Laftof tana kawo shuɗin allo, wani lokaci ta ƙi tashi: RAM ne ko me?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Laftof ɗina ta tsiro da wani hali. Ina cikin aiki sai allo ya yi shuɗi, ta kashe kanta ta sake tashi. Abin da ya fi ɗaure min kai, saƙon ba ya tsayawa ɗaya: yau MEMORY_MANAGEMENT, gobe PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA. Na yi mata fomat, na ɗora sabon Windows, ko a jikinta. Jiya kuwa na danna, fanka na juyawa, fitila a kunne, allo baƙi ƙirin. RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, guda biyu ne a ciki, kowanne 8GB, nau'in DDR4. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka da abin da ya gani.

Mai gyara: Wa alaikumus salam, Malam. Sauya saƙon nan shi ya fi jan hankalina. Idan direba ce ta lalace, wato manhajar da ke haɗa Windows da wani sashen na'urar, yawanci saƙo ɗaya take maimaitawa, a kan aiki ɗaya. RAM mai matsala kuwa duk manhajar da bayananta suka faɗa wurin da ya lalace ita ke faɗuwa, shi ya sa yau wannan gobe wancan. Amma kada ka sayi komai tukuna. Cire caja, cire batir ko ka zare wayarsa daga bod (babban faifan da sassan laftof ke haɗe a kai), ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 20. Taɓa ƙarfe kafin ka sa hannu ciki. Ka buɗe 'yan ƙarafan gefe biyu, RAM zai ɗago da kansa, ka riƙe shi ta gefe. Sai ka bar guda ɗaya a gurbi na farko ka kunna, ka mayar da shi gurbi na biyu ka kunna, ka yi wa ɗayan haka. Gwaji huɗu ke nan, kuma abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a kowane. Da yawa da suka zo hannuna a haka, RAM ɗin lafiyarsa lau, zama ne bai yi daidai ba, ko haƙoran zinaren sun yi dauɗa. Na goge su a hankali da magogin fensir, na kaɗe burbushin, suka tashi.

Ɗalibar kwamfuta: Ni tawa tana tashi, amma fayilolin da na sauke sai su ƙi buɗewa, a ce sun lalace. Na danna Windows da R, na rubuta mdsched.exe, manhajar gwajin RAM ta Windows, ta yi gwajinta ta ce ba matsala. Da na sa MemTest86, wata manhajar gwajin RAM, a filash na tashe ta daga can, zagayen farko ya wuce lafiya, a na uku kurakurai suka fito. Don haka Yaya, ka bar shi ya cika zagayensa huɗu, ko da zai kwana yana yi. Kuskure ko guda ɗaya ne, ba a raina shi.

Dattijo: Gaskiyarki 'yata, amma in ƙara wani abu da na sha wahalarsa. MemTest86 zai ce maka akwai kuskure, ba zai rantse maka cewa RAM ɗin ne mai laifi ba. Tawa ta nuna kurakurai, aka sa sabon RAM, ta ci gaba da halinta. Ashe gurbin ne ya saki. Duk RAM ɗin da aka sa a nan sai ya ba da kuskure, a ɗaya gurbin kuwa tsohon ma yana aiki sumul. Wani lokacin ma zafi ne, ko na'urar sarrafa RAM da ke cikin furosesa. Abin yana min ciwo in ga ana zubar da kaya masu kyau.

Mai gyara: Haka ne Baba. Kuma Malam, in allo ya yi baƙi ka kula da fitilu. A laftof ɗin Dell da yawa, ƙyaftawa biyu ruwan lemo da uku fari na nufin ba ta ga RAM ba, biyu da huɗu kuma RAM ya gaza. Danna F12 lokacin kunnawa zai kai ka gwajinsu na cikin gida, HP kuma Esc sannan F2. Lambobin sun bambanta daga samfuri zuwa samfuri, a duba littafin taka.

Hajiya: Tawa bayan ƙarin RAM ta ƙi tashi. Tsohuwa ce mai furosesar Intel zubi na huɗu, DDR3L take ci mai volt 1.35, aka sa mata DDR3 mai 1.5. Ya shiga gurbin daram saboda siffarsu ɗaya, amma shiru. Ku duba takardar da ke jiki, PC3L ne ko PC3.

Wani ɗan'uwa: Masu DDR5 kuma a yi haƙuri, kunnawar farko bayan sauya RAM takan ɗan jima da baƙin allo tana daidaita kanta. Ni tawa siririya ce, RAM a like yake da bod, ba abin cirewa. Gwaji ya nuna kuskure, sai garanti ya fisshe ni, aka sauya bod ɗin gaba ɗaya.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na yi gwaji huɗun. RAM na farko ya tashi a gurabun biyu, ya gama MemTest86 ba kuskure. Na biyu ya ƙi tashi a gurbi ɗaya, a ɗayan ya tashi amma kurakurai suka cika allo tun zagayen farko, ko bayan na goge shi. Yanzu da 8GB nake aiki. Mai gyara, wanda zan sayo dole saurinsa ya zo ɗaya da wannan? A jikinsa an rubuta PC4-2666.

Mai gyara: Ya fi kyau su zo ɗaya, Malam. In ka sa mai 3200 yawanci zai sauko ya bi 2666. Dai ka tabbata DDR4 ne na laftof, SO-DIMM, kuma in ka sa shi ka sake gwada su biyun tare.