Neman shawara: rigar liyafar rantsar da shugaba mace

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa teloli. Doguwar riga ce za a ɗinka wa wata da ta ci zaɓe, ta liyafar dare bayan rantsuwa. Tana son farin shifon mai duwatsu irin wanda Michelle Obama ta saka a liyafar rantsar da mijinta shugaban Amurka a 2009, amma da hannu, kafaɗa a rufe. Yadi nawa zai isa, kuma ina ake samun matsala?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam Hajiya. Waccan rigar ɗinkin Jason Wu ce, shifon na siliki, kafaɗa ɗaya, da furannin oganza (wani yadi ne shara-shara mai ɗan tauri) da duwatsu. Shifon falle ɗaya ba ya rufe jiki, sai hawa biyu ko uku, sannan shafi. Idan yadin mai faɗin inci 60 ne kuma ana son ƙasan ya baje, ki lissafa yadi 4 zuwa 5 kowane hawa. Ki sa allura siririya, lamba 60 ko 70, ki shimfiɗa takarda mara kauri a ƙarƙashi don kada keke ya tattare shi. Kada ki yi kalmasa ranar da kika haɗa. Ki rataye rigar kwana biyu tukuna, domin inda aka yanka a karkace yana saki, ƙasan ya fito wani gefe ya fi wani tsawo. Sai ta sa takalmin da za ta je da shi, a daidaita rabin inci daga ƙasa.

Amsa ta 2: Ni duwatsun ne abin tsorona. Rigar Mamie Eisenhower, matar shugaban Amurka na lokacin, ta liyafar rantsuwar 1953 ta ɗauki duwatsu sama da 2,000, amma a kan siliki mai kauri aka ɗora su. Shifon ba zai iya wannan kaya ba, zai ja ya yage daga kafaɗa. Ki ɗinka ribon mai tauri, inci ɗaya, a cikin ƙugu da maɗaurinsa daban, shi zai ɗauki nauyin siket. Duwatsun ki ɗinka su da hannu, ƙulli bayan kowane uku ko huɗu, in zare ya tsinke ba za su zube duka ba. Kada ki sa su a hammata ko wajen zama.

Amsa ta 3: Anti, a lura, matar shugaba rawa take yi a ɗauki hoto. Wadda aka zaɓa kuwa ita ce mai ɗaga hannu, mai gaisawa da jama'a har dare. Tunda za a sa hannu, ramin hammata ya hau sama, ba ya sauka ba. Mai zurfi in ta ɗaga hannu sai ya janyo rigar gaba ɗaya. In ya matse, ki ƙara ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a ƙarƙashin hammata. Ranar gwaji ta zauna, ta hau bene, a ɗauke ta hoto da filasha a ɗaki mai duhu. Farin shafi yakan tona abin da ke ciki, mai kalar fatarta ya fi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Bayan biki fa, a rataye ta?

Amsa ta 2: A'a, riga mai duwatsu a kwance ake ajiye ta, cikin kwali, da farar takarda tsakanin ninki. Hanga tana miƙar da kafaɗa.