Neman shawara: wane injin samfefa mai ganga zan saya wa shagona?

Salamu alaikum iyayen gida da abokan sana'a. Ina da ƙaramin shagon kafinta a Kano, ni da yarana, aikinmu gadon amare da ƙofofin kabod na kicin da saman tebur. Samfefa ce ke cinye mana lokaci wlh, in muka haɗa katako uku ko huɗu da gam sai yaro ya wuni yana guga da ɗan injin hannu kuma in an zuba fenti ka ga wani wajen ya yi kwari wani ya yi tudu. Shi ne nake so in sayi injin nan mai ganga da ake ce wa diram sanda. Na ga mai 16-32 na ga mai 22-44, an kuma yi min tallar wani na gwanjo daga Amurka. Wanne zan ɗauka dan Allah? Kuma in na saya zan huta da kai katako wajen masu filena, injin nan mai feƙe katako ya daidaita kaurinsa?

Wani kafinta daga Panteka, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Oga tambayarka ta ƙarshe zan fara amsawa, a'a ba za ka huta ba. Injin nan ba filena ba ne, abin da yake ci a shiga ɗaya bai kai rabin milimita ba, in ka matsa masa sai samfefar ta ƙone ta bar maka baƙin layi a kan katakon tun daga farko har ƙarshe. Filena tukuna, sannan shi. Lambar kuwa, 16-32 na nufin faɗin inci 16 a shiga ɗaya, gefe ɗaya a buɗe yake sai ka juyo katakon ka kai 32. Ƙofofin kabod ya ishe su, amma in saman tebur ya fi yawa a aikinka lallaɓa ka ɗauki babban, don in gangar ba ta zauna daidai ba juyin nan yana barin shaida a tsakiya.

Wani mai gyaran motar injin lantarki da janareta:
Malam ka yi hattara da na Amurkan nan. Ƙananansu yawanci wutar volt 110 suke ci kuma 60Hz, mu wutarmu volt 230 ce 50Hz, ko ka sa taransifoma motar da ke juya gangar za ta rage gudu ta dinga zafi. Ka duba farantin da ke jikin motar da idonka kar ka yarda da bakin dillali, ka tabbatar kuma ba mai cin wutar layi uku ba ne in shagonka layi ɗaya gare shi. Mota mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana fizgar wuta sosai lokacin tashi, ƙaramin jen ba zai ɗauka ba.

Wani dattijo daga 'yan katako na Na'ibawa:
Ɗana, duk sun faɗi gaskiya, amma ba wanda ya yi maganar ƙura. Injin yana da bakin tiyo na inci 4 a sama, ba ado ba ne, dole sai da injin zuƙar ƙura, in babu garin katakon ne zai toshe samfefar nan take, ga ƙirjin yaranka, ƙurar madaci da iroko ba ta da kyau ko kaɗan. Ka sa kuɗinsa a lissafi tun yanzu. Sannan ɗanyen katako kar ya shiga, busasshen gam ma ka kankare shi tukuna. Kafin ka biya ka zaga kasuwa ka ga ana samun samfefar nadi mai faɗin da gangar ke ɗauka, lamba 80 mai kaushi da 120 mai ɗan laushi, na san shagon da injinsu ke zaune a lulluɓe saboda rashinta kawai.

Mai tambaya:
Baba Allah ya ƙara girma, na gode muku duka. Na Amurkan na haƙura da shi. Ƙofofin kabod sun fi yawa, don haka 16-32 zan nema mai 230 in haɗa da na zuƙar ƙura. Saura abu ɗaya, bayan lamba 120 zan iya wucewa fenti kai tsaye?

Kafintan Panteka:
A'a oga, yana barin siraran layuka a miƙe, da ka zuba fanis za su fito. Yaro ya bi da injin hannun nan naka da 150 ko 180, ɗan lokaci kaɗan ne yanzu tunda katakon ya riga ya kwanta.