Musayar Waƙa: Tsakanin Tafki Biyu

Bazazzagin Bern:
Salamu alaikum 'yan zaure. Na leƙa Interlaken, garin nan na Suwizalan da ke zaune tsakanin tafkin Thun da na Brienz. Hotunan da na turo sun kasa, bari in gwada da baiti. Amsa-amo "wa" ne, wanda ya karya zai sayi goro.

Da sunan Allah zan fara,
Mai ɗora wa dutse ƙanƙara,
Ya narkar da ita da bazara,
Ta zam tafki abin dubawa.

Na bar Bern da sanyin safiya,
Jirgi bai makara ba ko ɗaya,
Ba mu cika awa ba a tafiya,
Sai ga kwari yana buɗewa.

Brienz gabas, Thun na yamma,
Gari a tsakiya ya yi zama,
Tsaunuka sun tokare sama,
Kogin Aare yana ratsawa.

Ruwan Brienz ya ɗaure min kai,
Ba shuɗi ba, ba kore ba sosai,
Kamar ƙyalle an tsoma sau ɗai
A marina, kafin shanyawa.

Na sa yatsa na janye,
Na ji kamar hannun ya shanye,
Wata tsohuwa ta ga baƙo ɗanye,
Ta kau da kai tana darawa.

Bakanon Kwari:
Sannu da yawon duniya, Bazazzagi. Ni tambayata ɗaya ce.

Ka zuba yabo kamar maroƙi,
Nawa ka kashe? Faɗi, aboki,
Ruwa dai ruwa ne ko a tafki,
Mu a Tiga kyauta muke leƙawa.

An ce jirgi na hawan tsauni,
Tikitinsa kan yi wa jaka rauni,
Ka bar mu da zancen launi,
Faɗi farashi, muna lissafawa.

Bazazzagin Bern:
Bakano ko gaisuwa aka yi masa sai ya nemi ragi. Jirgin da kake nufi shi ne na Jungfraujoch, tashar jirgin ƙasa mafi bisa a Turai, mita 3,454, kuma tun 1912 take aiki.

Farank 200 da ɗoriya,
Na biya, na dafe zuciya,
Ta cikin dutsen Eiger aka yi tafiya,
Kilomita 7 ba fitowa.

A can sama iska ta yi ƙaranci,
Matakala goma sai ƙunci,
Sanyi ya toshe min hanci,
Ga farin da ido ba ya jurewa.

Aletsch na kwance ƙasa da ni,
Kogin ƙanƙara, abin gani,
Kilomita 20, in ji masani,
Amma duk shekara yana raguwa.

'Yar Yerwa:
Yaya, na duba taswira fa. Brienz ɗin nan duka-duka murabba'in kilomita 30 ne.

Yaya, ka ba ni mamaki,
Wannan kake kira tafki?
Rabin yini ka zaga shi da doki,
Chadi ne ba a ganin ƙarewa.

Ko da yake shi ma ya ja baya,
Inda kakana ya jefa ƙugiya,
Yau gonar wake ce da ƙaya,
Na san ciwon ruwa mai janyewa.

To gaya min, wa ya rina
Ruwan da ka ce ya sha marina?
In ƙanƙarar ta ƙare wata rana,
Launin zai ci gaba da tsayawa?

Bazazzagin Bern:
Ƙanwata, faɗi naku ne, ban yi musu ba. Zurfi kuwa nasu ne: kududdufin da kika raina yana kai mita 260.

Ƙanƙara ke niƙa dutse gari,
Lallausa, ya fi na alkama fari,
Kogi ya ɗauko shi da sauri,
Rana ta haska, launi na tasowa.

Garin a Brienz yake kwantawa,
Kafin ruwa ya yi gangarawa,
Shi ya sa Thun ya fi washewa,
Ba niƙa, ba gari, ba rinawa.

Kuma mai niƙan tana ramewa da gaske. A 2022 da 2023 kaɗai ƙanƙarar tsaunukan ƙasar ta rasa kashi 10 cikin 100 na jikinta. A watan Mayun 2025 wata ta ɓalle ta binne ƙauyen Blatten a bayan waɗannan tsaunuka. An yi sa'a, an riga an kwashe mutanen.

Ɗan Ruga:
Allah ya kyauta. Amma ku tsaya, kun yi ta zancen ruwa kamar masunta.

Ku bar Babarbariya da bandarta,
Kifi ne safe da yammanta,
Ni shanu nake so a ambata,
Ƙasar da ba nagge ba ta zaunuwa.

Koren da ka turo a hoto,
Ba haka ya fito ba, ina zato,
Akwai bijimi a wurin, ƙato,
Ba mu labarin masu tatsawa.

Bazazzagin Bern:
Kawu, ka taɓo inda ya fi riƙe ni, kuma can ban biya ko sisi ba, Bakano ya ji. A saman tafkin Thun akwai wani kwari, Justistal, inda ake bikin rabon cuku wata Juma'a cikin Satumba. Sun yi kusan shekara 300 suna yi.

A watan Yuni shanu kan hau tudu,
Ba don fari ba, ba don gudu,
Wata uku, ba ya cika huɗu,
Ciyawar ƙasa a bar ta don yankewa.

Ita za su ci in hunturu ya kama,
Makiyayi kuwa yana can sama,
Yana tatsa safe da yamma,
Tukunyar jan ƙarfe na tafasawa.

Garken na mutane ne da yawa,
Nono tare ake haɗawa,
Littafi na nan ana rubutawa,
Abin da kowace ke bayarwa.

Ranar rabo na je na tsaya,
Maza sun jeru layi ɗaya,
Daga rumbu cuku ke tafiya,
Hannu da hannu suke miƙawa.

A jera shi tsibi-tsibi a fili,
Rabon kowa da dalili,
Nonon saniyarka ne asali,
Ƙuri'a ta nuna na ɗaukewa.

Wani tsoho ya yanka da wuƙa,
Ya miƙo min, na kai na shaƙa,
Wari kamar daddawa ta jiƙa,
Na ci, na sake miƙa hannuwa.

Can sai ga shanu sun gangaro,
Ba mai duka, ba tsoro,
Ƙararrawa kamar tulun yaro,
Fure a ka, uwar garke na rausayawa.

Kai ka gano shi daga hoto, Kawu. Ni da na je sai a ranar na fahimci cewa koren nan da baƙi ke ɗauka a waya, kiwo da lauje ne suka hana daji cinye shi.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Ni makiyayan nan ta wani gefe na san su.

Na ga kokawarsu a waya,
Ba ganga, ba kirari, ba laya,
Garin katako a ƙasa, ba ƙaya,
Wandon algarara ake kamawa.

Sarkinsu bijimi zai ja,
Mu takobi ne daraja,
Amma na ga abin da ya fi haja,
Wanda ya kayar ke kakkaɓewa.

Wallahi da hannunsa ya share wa wanda ya faɗi baya, sannan suka fita tare.

Bazazzagin Bern:
Haka al'adar take, Malam. A nan Interlaken ma akwai bikin Unspunnen, tun 1805, inda bayan kokawa ake jifa da dutse mai kilo 83 da rabi. Wannan ban nemi gwadawa ba.

Ɗan Ruga:
Ɗana, in za ka taho gida,
Bar agogonsu, ba shi da fa'ida,
Ƙararrawa nake so guda,
Ga farar saniya don ratayawa.

Bakanon Kwari:
Yauwa, sai yanzu aka zo maganar arziki.

Bazazzagi, tsaya ka ji shawara,
Sayo dozin biyar masu ƙara,
In kai su Wudil, in baza a kara,
Riba ni kashi 60, kai 40.

'Yar Yerwa:
Alhaji, "arba'in" ba ta ƙare da "wa" ba. Goro. A aiko Maiduguri, fari nake so, kuma kada a ce sai an yi ragi.