Wai waye yake sa ido a kan masu dirowa daga jirgi da lema a Amurka, gwamnati ce ko ƙungiyarsu?

Baban_Ilham:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka san harkar nan ta dirowa daga jirgin sama da lema su taimaka min da bayani. Ƙanena yana karatu a California, ya kira ni wai shi da abokansa za su je su yi irin wadda ake ɗaure mutum a jikin malami su diro tare, tandam suke ce mata, ni kuma tun da ya faɗa min hankalina ya ƙi kwanciya don ni ne na tsaya masa a gaban mahaifiyarmu har aka bar shi ya tafi. Da na fara tambaya sai na tarar su kansu masu wasan ba su da baki ɗaya, wasu na cewa gwamnati ta yi sake ta bar harkar a hannun wata ƙungiya mai suna USPA, wasu kuma na cewa ai in gwamnati ta shigo za ta kashe wasan ne kawai ba tare da ta ceci ran kowa ba, har abin ya zama siyasa ana ta zargin juna. To ni abin da nake son sani, waye yake duba jirgin, waye yake duba lemar, waye yake tabbatar da wanda za a ɗaure yaron a jikinsa ya san aikinsa? In bar shi ya je ko in hana shi?

Sadiq_Arizona:

Wa alaikumus salam Yaya Baban Ilham. Ni ina yin wasan, ina da lasisi, kuma memba ne a USPA ɗin, saboda haka ka san daga ɓangaren da nake magana.

Abin kashi biyu ne. Akwai dokar gwamnatin tarayya, ta hukumar FAA mai kula da sufurin sama, wannan dole ce a kan kowa. Ita ta ce sai ka diro da lema biyu, babba da ta ko-ta-kwana, kuma ita ta ko-ta-kwanan sai mai lasisin naɗe lema ya buɗe ta ya duba ya sake naɗewa duk bayan kwana 180, ya sa hannu a wani ɗan kati da yake cikin jakar ya kuma ɗaura mata hatimin dalma da jan zare, kana ɗaga murfin jakar za ka gan shi. A tandam kuma doka ta ce malamin sai ya yi shekara 3 a harkar, ya yi dirowa 500, kuma dole jakar ta kasance da na'urar da take buɗe lemar ko-ta-kwana da kanta idan mutum ya suma ko ya rikice. Wannan ba ƙungiya ce ta ce ba, gwamnati ce.

Sauran duka USPA ce take tsarawa: yadda ake koyar da ɗalibi, lasisi A bayan dirowa 25, B bayan 50, C bayan 200, D bayan 500, nisan da za ka buɗe lema daga ƙasa, ƙarfin iskar da ɗalibi ba zai diro a cikinta ba, da sauransu. Kuma wlh tsarin yana aiki. A shekarun 1970 sai a rasa mutum 40 da wani abu a shekara ɗaya a Amurka, a 2023 mutum 10 aka rasa cikin dirowa sama da miliyan 3 da rabi, a 2024 mutum 9. Ba wani ma'aikacin gwamnati ne ya zauna a ofis ya kawo wannan ba, mu ne da muke binne abokanmu muke zama mu tambayi me ya faru, mu gyara. Shi ya sa in ka ji ɗan wasa yana kumfar baki a kan kar gwamnati ta shigo, ba wai ya raina rai ba ne, tsoronsa a kawo masa doka daga wanda bai taɓa leƙa ƙofar jirgi a ƙafa 13,000 ba.

Ka ce wa ƙanenka ya je wurin da yake da rajista da USPA, ya tambayi katin malamin, ba abin kunya ba ne.

Injiniya_Kabir:

Malam Sadiq ka yi bayani mai kyau amma ka tsallake inda gizo yake saƙa, wato jirgin. Ni aikina gyaran jirage ne, kuma abin da yake damuna a harkarku shi ne kuna ta maganar lema alhali kafin mutum ya kai ga lema sai ya fara zama minti 15 ko 20 a cikin jirgi a ƙasa zaune, babu kujera, an cusa mutane kamar me.

Waɗancan alƙaluman da ka kawo na waɗanda suka mutu a dirowa ne. Ranar 21 ga Yunin 2019 jirgi ƙirar King Air ya tashi daga filin Dillingham a tsibirin Oahu na Hawaii da masu dirowa, ko nisa bai yi ba ya kife ya faɗi ya kama da wuta, mutum 11 duk suka mutu har da matuƙin. Da hukumar NTSB mai binciken haɗura ta gama aikinta me ta gano? Matuƙin ya fizgi jirgin sama da ƙarfi yana karkata shi tun yana ƙasa-ƙasa har fikafikan suka daina ɗaukar iska, ba a ba shi horon kirki a kan wannan jirgin ba, sannan abin da ya fi tayar min da hankali a matsayina na mai gyara, shi wannan jirgin ya taɓa yin hatsari a California a 2016, ya yi ta juyi a sama har wani ɓangaren wutsiyarsa ya fita, fiffiken hagu ya murɗe, aka gyara wutsiya aka bar fiffiken a murɗe aka ci gaba da lodin mutane. Wani ya ga jirgin nan kullum, wani ya sa hannu a littafinsa. Kuma NTSB ba ta tsaya a kan kamfanin ba, ta fito fili ta ce tsarin FAA na sa ido a kan jiragen masu dirowa bai wadatar ba.

Dalili kuwa shi ne jiragen nan suna tashi ne a ƙarƙashin sashe na 91 na dokokin FAA, sashen da mai ƙaramin jirgin kansa yake amfani da shi, ba sashe na 135 na jiragen haya ba wanda yake da tsananin duba horon matuƙa da tsarin gyara. Eh ana duba su duk awa 100, matuƙin ma sai yana da lasisin kasuwanci, amma babu wanda yake zaune a kansu yadda ake zama a kan kamfanin haya, alhali kuɗi suke karɓa a hannun jama'a. Kuma ba yau aka fara faɗa ba, tun 2008 NTSB ta fitar da rahoto na musamman ta ce daga 1980 an yi haɗura 32 na jiragen masu dirowa da suka ci rayuka 172, ta lissafo rashin gyara, injin da ya wuce lokacin da ya kamata a sauke shi, matuƙan da ba a horar ba. Shekara 11 bayan nan aka sake ganin abu ɗaya a Hawaii.

Bayan hatsarin Sanata Brian Schatz na Hawaii ya kai ƙudiri majalisa don a tsaurara, USPA ta tashi tsaye ta yi adawa da shi, hujjarta ƙananan filayen dirowa masu jirgi ɗaya ƙirar Cessna ba za su iya ɗaukar kuɗin ba za su rufe. To ni a nan nake cewa tsaya. Ƙungiyar da take ba da lasisi ita ce kuma take zuwa Washington tana kare aljihun masu filayen, kuma masu filayen da manajojinsu suna tsayawa zaɓe su shiga kwamitin gudanarwarta. Kamar a ce yuniyon ɗin direbobi na tasha shi ne kuma zai duba birkin motocin 'ya'yansa. Ba na ce mutanen banza ba ne, amma bai kamata a ɗora wa kowa wannan nauyin biyu ba.

Sadiq_Arizona:

Injiniya maganar Hawaii ba ni da ta cewa, abin ya girgiza mu duka. Amma ka lura, barin fiffike a murɗe ai ya saɓa wa dokar da take nan tun asali, ba rashin doka ba ne rashin mai bin ta ne, in FAA ba ta da isassun sufetocin da za su duba abin da ke hannunta yanzu ƙara mata sabon sashe me zai canja? Kuma a Suwidin da suke ƙarƙashin dokokin Turai jirgin masu dirowa ya faɗi a Umea a 2019 mutum 9 suka mutu, wani ya sake faɗuwa a Orebro a 2021 shi ma mutum 9. In ƙananan filaye suka rufe ba daina dirowa za a yi ba, 'yan manyan ne za su rage su tsawwala kuɗi, ɗalibin da ba shi da hali ya haƙura.

Maman_Nana_Lyon:

Sannunku. Ni a Faransa nake kuma a nan na koya, sai nake ganin gardamar Amurkawa tana da wani abu da mu ba mu da shi, wato wannan aƙidar ta raina nawa ne kar wanda ya gaya min yadda zan yi da shi. Siyasar ke nan a ƙasan komai. A nan ƙungiyar ƙasa ce ma take tsara abubuwa, amma gwamnati ta ba ta iko a hukumance, dokarta doka ce. Na'urar buɗe lema dole ce a kan kowa, ko kai waye. Girman lemar da za ka yi amfani da ita ma akwai jadawali, a duba nauyinka a duba yawan dirowarka, ba ka isa ka sayi ƙarama ba sai lokacinka ya yi. A Amurka in ka samu lasisi na'urar zaɓinka ce sai dai in filin ne ya tilasta, girman lema kuma shawara ce kawai ake ba ka.

Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don da yawa cikin ƙwararrun da suke mutuwa yanzu lemarsu ta buɗe lafiya lau, matsalar a wajen sauka take, mutum ya ɗauki ƙaramar lema mai gudun tsiya ya yi kwana da ita dab da ƙasa don ya zo yana shafar ciyawa da ƙafa, ya yi kuskuren daƙiƙa ɗaya shi ke nan. Na taɓa tsayawa a gefen fili wani ya zo wucewa haka, kafin ka gan shi ƙarar iskar igiyoyinsa za ka fara ji kamar ana yaga yadi, gabana sai da ya faɗi duk da ya sauka lafiya.

Masu ƙin tilasta na'urar suna da hujjarsu, ba zan ɓoye ba. Irin na'urar mai suna CYPRES, wadda wani kamfanin Jamus ya fito da ita a 1991, tana auna gudu da nisa ne, in ta ga kana kusan mita 225 daga ƙasa kuma har yanzu kana faɗowa da gudun da ya kai mita 35 a daƙiƙa sai ta yanke zaren ta saki lemar ko-ta-kwana. A 2005 wani fitaccen ɗan wasa Baturen Ingila, Adrian Nicholas, ya rasu a Texel ta Holand saboda gudun saukarsa da ƙaramar lema ya kai wannan matakin na'urar ta buɗe masa ta biyu yana dab da ƙasa. Amma ai abin da ya biyo baya shi ne aka ƙera wata ta musamman ga masu irin wannan saukar, ba a ce a jefar da ita ba. Ni dai ina tare da tilastawa, don ba kai kaɗai ba ne a sama, in ka suma ko ka kasa sarrafa lemarka wani za ka faɗa wa.

Injiniya_Kabir:

Hajiya kin taɓo wajen. Kuma ko mun yarda ƙwararre ransa nasa ne, ɗan tandam fa? Shi ba memba ba ne, ba ya zaɓen kwamiti, bai san sashe na 91 ba, ya zo ne ya biya kuɗi aka miƙo masa takardu shafi-shafi ya sa hannu cewa ko ya mutu ba zai kai ƙara ba, yana ɗauka akwai hukumar da ta riga ta duba komai.

Baban Ilham tunda ka ce California, ga abin da ya kamata ka sani. A watan Agustan 2016 a filin dirowa na Lodi, wanda ba ya cikin filayen da suke da rajista da USPA, wani yaro ɗan shekara 18 ya mutu tare da malamin da aka ɗaure shi a jikinsa, mahaifiyarsa tana wurin. Daga baya aka gano malamin ba shi da sahihiyar takardar tandam. Wanda yake koyar da malaman a wurin an riga an dakatar da izininsa, sai yake amfani da sa hannun wani, har sai da USPA ta sa malamai sama da 100 suka sake horo. Jihar California ta yi doka a 2017 da sunan yaron, Dokar Tyler, wadda ta ɗora wa mai fili alhakin tabbatar da takardun malamansa, a 2021 kotu ta yanke wa iyayen diyyar dala miliyan 40, shi kuma mai koyarwar kotun tarayya ta same shi da laifin zamba a 2024. Malam Sadiq zai ce ai ga shi ƙungiya ce ta dakatar da shi, gaskiya ne, amma iyakar ikonta ke nan, ta karɓe katinka, ba ta da ikon sa wa fili kwaɗo, kuma mutumin ya ci gaba da aikinsa har aka rasa rai biyu.

Baban_Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na fahimci inda rigimar take. Zan kira shi yau da daddare, ba zan ce masa a'a kai tsaye ba don na san halin yara zai iya zuwa bai faɗa min ba, amma sai ya turo min sunan wurin tukuna. Malam Sadiq ta yaya zan gane ko suna da rajistar, kuma shi jirgin akwai abin da mutum irina zai iya tambaya a kansa?

Sadiq_Arizona:

USPA tana da jerin filayen da suka yi rajista da ita a shafinta na intanet, ka sa sunan jihar za su fito, in wurin ba ya ciki ya nemi wani, California ba ta rasa filaye ba. In ya je ya ce malamin ya nuna masa katinsa mai nuna izinin tandam kuma ya duba bai ƙare ba, ya nemi a nuna masa katin lemar ko-ta-kwana ya ga kwanan watan, ya ga an kunna na'urar, allonta ɗan ƙarami ne a jikin jakar. A jirgi akwai bel da ake ɗaurawa lokacin tashi, ya tabbata an ɗaura masa, in ya ga ana wasa da wannan ko ana gaggawar lodi ko iska ta yi ƙarfi ana cewa ba komai, ya fasa ko da kuɗinsa za su tafi. Maganar gyaran jirgi kuwa Injiniya ya fi ni gaskiya, fasinja ba shi da hanyar ganin littafin gyara ya gane abin da ke ciki, sai dai ya sa lambar da ke jikin wutsiyar jirgin a rumbun bayanan NTSB ya ga ko ya taɓa yin hatsari. Ka turo min sunan wurin ta saƙo in tambayi mutanenmu da suke can.