Karatun kimiyyar halittu da fiziks a kwalejin al'umma a Amurka: shin jami'a za ta ƙirga shekaru biyun?

Sabuwar Ɗaliba:

Assalamu alaikum, malamai da yayyena. Ina zaune a jihar Kalifoniya da katin zama na dindindin, kuma na samu gurbi a wata kwalejin al'umma, wato irin kwalejojin gwamnati masu karatun shekara biyu. Burina shi ne in yi digirin farko a fannin sinadaran jikin halittu, amma kuɗin jami'a ya fi ƙarfin gidanmu a yanzu, alhali kwalejin tana karɓar dala 46 ne kan kowane kiredit, wato ma'aunin da ake ƙirga darussa da shi, daga mazauna jihar. A cikin jerin shirye-shiryensu na ga wani digiri na shekara biyu da ya haɗa kimiyyar halittu da kimiyyar zahiri wuri guda, kuma sunan ya burge ni, domin ya ƙunshi duk abin da nake so.

Tambayata ita ce: idan na kammala wannan shirin, shin jami'a za ta ɗauke ni kai tsaye a aji uku, ko kuwa za a ce in maimaita wasu darussa? Haka kuma ina so in san ko ingancin koyarwar kimiyya a irin waɗannan kwalejoji ya kai wanda zai ba mutum damar tsayawa kafaɗa da kafaɗa da waɗanda suka fara a jami'a tun daga aji ɗaya. Na gode.

Malamin Kemistiri:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ina koyar da kemistiri a irin wannan kwaleji, kuma abin da zan fara faɗa miki shi ne kada sunan digirin ya zama ma'auninki. Samun digirin shekara biyu abu ɗaya ne, cika sharuɗɗan sashen da kike son shiga a jami'a kuma wani abu ne daban, kuma sau da yawa ɗalibi yana samun na farko ba tare da ya kusanci na biyu ba. Irin shirin da kika ambata yana da faɗi ƙwarai: ana buƙatar kiredit 60 gaba ɗaya, daga ciki aƙalla 18 a fannin kimiyya, kuma a kwalejoji da dama ana iya cike waɗannan 18 da darussan gabatarwa na ilimin taurari, ilimin ƙasa ko bayoloji na waɗanda ba kimiyya za su karanta ba. Darussa ne masu amfani, amma sashen sinadaran halittu ba zai karɓe su a madadin nasa ba.

Kusan kowane darasin kimiyya yana da nau'i biyu. Akwai bayoloji na gama-gari, akwai kuma na masu ƙwarewa a fannin. Akwai kemistiri na zango ɗaya da aka tsara don masu shirin aikin jinya, akwai kuma kemistiri na zango biyu da ake buƙata daga ɗalibin kimiyya. Akwai fiziks da aka gina a kan aljebra, akwai wanda aka gina a kan kalkulas, kuma wanda zai karanta fiziks, injiniyanci ko kemistiri tsantsa na biyun ake nema daga gare shi. Sunayen suna kama da juna a cikin kundin kwaleji, don haka ki karanta bayanin da ke ƙarƙashin kowane suna da kyau.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci, shi ne cewa darussan kimiyya kamar matakan tsani suke, ba a taka na sama sai an taka na ƙasa. Kemistiri na gaba ɗaya zango biyu ne, sai an ci su kafin a shiga kemistirin sinadaran kabon, wanda shi ma zango biyu ne. Zango huɗu ke nan cif, wato shekara biyun duka. Ma'anar wannan ita ce, idan ba ki fara kemistiri a zangonki na farko ba, kin riga kin ƙara wa kanki lokaci tun kafin ki shiga aji. Shi kuma kemistirin farko yana buƙatar aljebra mai ƙwari, fiziks kuma yana jiran kalkulas. Saboda haka lissafi ne ke yanke tsawon zamanki a kwaleji, ba bayoloji ba, duk da cewa bayolojin ne ya jawo ki. Idan kin san lissafinki ya yi sanyi, ki yi amfani da hutun bazara ki farfaɗo da shi, kuma kada ki ɗauki shekara biyu da rabi ko uku a matsayin abin kunya, domin ɗaliban kimiyya da yawa haka suke yi, musamman masu aiki a gefe.

Game da inganci kuwa, dokokin Niyuton da teburin sinadarai ba sa canzawa daga makaranta zuwa makaranta, littattafan ma galibi iri ɗaya ne. Bambancin shi ne a manyan jami'o'i ɗarurruwan ɗalibai ne ke zama a zaure guda a darasin farko, ɗaliban digiri na gaba ne kuma ke kula da ɗakin gwaje-gwaje, alhali a wurinmu ajin ƙarami ne kuma sau da yawa malamin da ya yi bayani shi ne zai tsaya a kanki lokacin da kike auna sinadari. Abin da zan roƙe ki shi ne ki yi gwaje-gwajenki da hannunki a ɗakin gwaji, ba ta intanet ba, domin wasu sassan jami'a ba sa karɓar gwajin da aka yi daga gida.

Tsohon Ɗalibi:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Ni na bi wannan hanyar har na gama a jami'ar jiha, don haka zan ƙara ne a kan batun ƙaura da kiredit daga kwaleji zuwa jami'a. Ƙanwata, ki zaɓi jami'o'i biyu ko uku da kike hari tun yanzu, sannan ki tsara darussanki daga can zuwa nan, ba daga nan zuwa can ba. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne: rahoton da ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka, GAO, ya fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Kowane kiredit da ya zube kuɗi ne da lokaci.

Kin yi sa'ar jiha. A Kalifoniya akwai shafin ASSIST, inda za ki sa sunan kwalejinki da jami'ar da kike so da fannin, ya nuna miki darasi da darasi wanne ne yake daidai da wanne. Akwai kuma digirin ƙaura da dokar jihar ta 2010 ta samar, wanda ke ba mai shi tabbacin gurbi a tsarin jami'o'in CSU, wato jami'o'in jihar Kalifoniya, ko da yake ba lallai a harabar da ya fi so ba. A ɓangaren Jami'ar Kalifoniya kuwa, wadda tsari ne daban da na CSU, harabobi shida ne ke ba da yarjejeniyar tabbacin gurbi da ake kira TAG: Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz. Berkeley, Los Anjeles da San Diyego ba sa ciki, sai an yi takara. Ana cike takardar TAG a watan Satumba, shekara guda kafin ƙaura, don haka lokacin yana zuwa da wuri fiye da yadda mutum yake zato.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne, ki kammala kowane jerin darasi a makaranta ɗaya. Yawancin harabobin Jami'ar Kalifoniya suna raba shekara zango uku ne, ban da Berkeley da Merced, alhali galibin kwalejoji zango biyu suke yi. Idan kin yi rabin kemistirin kabon a kwaleji kika tafi da niyyar ƙarasawa a can, rabe-raben ba za su dace ba, kuma ana iya cewa ki koma farko. Sannan tunda kina da katin zama, ki cike FAFSA, takardar neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya. Tallafin Pell da ake nema ta wannan takarda ba bashi ba ne, kuma masu bizar karatu ne ba su da hakki a kansa, ba ke ba.

Yaya Mai Bincike:

Na yarda da 'yan'uwana biyu, amma ina ganin an yi wa tambaya ta biyu sauƙi fiye da kima. A aji, ɗalibin kwaleji ba ya baya. Inda yake baya shi ne bincike. An kafa waɗannan kwalejoji ne don koyarwa, malamansu suna ɗauke da darussa masu yawa, kuma kaɗan ne ke da ɗakin bincike na kansu. Wanda ya fara a jami'a yana iya shiga ɗakin binciken wani farfesa tun yana aji ɗaya ko biyu, ke kuma za ki iso a aji uku ba ki san kowa ba, alhali saura shekara biyu kacal ki nemi wasiƙun shaida don digiri na gaba. Wannan giɓi ne na gaske, kuma na ga yadda yake wahalar da ɗalibai masu hazaƙa a ɗakin da nake aiki.

Ana iya cike shi, amma sai da niyya. Hukumar kimiyya ta ƙasa, NSF, tana ɗaukar nauyin shirin bincike na bazara mai suna REU, wanda ake biyan ɗalibi alawus, kuma wurare da dama suna maraba da ɗaliban kwalejojin shekara biyu. Ma'aikatar makamashi ma tana da shirin horo na mako goma a lokacin bazara musamman don ɗaliban waɗannan kwalejoji, a manyan ɗakunan bincike na ƙasa irin su Lawrence Berkeley da Lawrence Livermore, dukansu a jiharki. Katin zamanki ya ba ki damar neman duka biyun. Ana rufe karɓar takardu tun cikin hunturu, don haka ki fara sabawa da malamanki na kemistiri da bayoloji daga makonnin farko, domin su ne za su rubuta miki wasiƙa.

Hanyar kuma ba sabuwa ba ce. Bruce Merrifield, wanda ya samu kyautar Nobel a kemistiri a 1984, ya fara ne a ƙaramar kwalejin Pasadena kafin ya koma UCLA, wato harabar Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, kuma Eileen Collins, mace ta farko da ta jagoranci jirgin sama jannati na Amurka a 1999, ta fara da digirin shekara biyu a kwalejin Corning da ke jihar Niyu Yok.

Sabuwar Ɗaliba:

Na gode ƙwarai, Malam da yayyena. Na duba ASSIST, na ga lalle darussa biyu daga cikin waɗanda na yi niyyar ɗauka ba sa cikin abin da sashen yake nema. Saura tambaya ɗaya: idan daga baya na karkata zuwa aikin likita, shin fara karatu a kwaleji zai zama mini cikas?

Malamin Kemistiri:

Ba zai rufe miki ƙofa ba, 'yata, amma ki san abu biyu. Makarantun likitanci a Amurka ana shigarsu ne bayan digirin farko, kuma manufofinsu sun bambanta: da yawa suna karɓar darussan kwaleji ba tare da wata ƙura ba, wasu kuma suna so su ga kin ci manyan darussan kimiyya a jami'a ma, wanda digirin sinadaran halittu zai tilasta miki yi ko da ba ki nema ba. Na biyu, ko da jami'ar da kika koma ta fara lissafa miki sakamako daga sabo, tsarin neman gurbin likitanci na AMCAS yana haɗa kowane maki da kika taɓa samu, har da na zangonki na farko a kwaleji da na darasin da kika maimaita. Don haka kada ki tara kemistiri, bayoloji da kalkulas a zango ɗaya idan kina aiki na sa'o'i masu yawa. Ki ɗauki kemistiri da lissafi yanzu tare da darasi ɗaya mai sauƙi, ki ga mai ba da shawara na ofishin ƙaura kafin ki yi rajista, ki kuma nemi ya rubuta miki tsarin zangunan gaba ɗaya a takarda.