Neman kalmar Hausa: me za mu kira "bottleneck" a kwamfutar zane?

Mai Zane: Assalamu alaikum. Ana son rubuta bayani da Hausa kan yadda mai ƙaramin jari zai ƙara wa kwamfutar zane ƙarfi, sai kalma ɗaya ta tsaya. Masu Turanci suna cewa bottleneck, wato ɓangaren da ya gaza a wani aiki har sauran suka zauna jiransa. Misali masarrafi (CPU, ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin kwamfuta) na da ƙarfi, amma RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, gigabait 8 ne kacal, Photoshop na ta jan ƙafa. Duk shawarar sayen kaya a kan wannan kalma take rataye, domin wanda bai gano ɓangaren ba zai zuba kuɗinsa inda ba nan ciwon yake ba. Wasu na rubuta "wuyan kwalba", amma bai kwanta mini ba. Masana, me kuka gani?

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Wuyan kwalba kam a ajiye shi, Bahaushe zai ji ya tsaya neman kwalbar. Amma ba a raɗa suna ba a san abin ba. Injiniya, faɗa mana nauyin da kalmar za ta ɗauka.

Injiniya: Malama, abu biyu ne. Na farko, ɓangaren ba lalacewa ya yi ba, lafiyarsa lau, aikin ne ya fi ƙarfinsa. Na biyu, ba ya zama wuri ɗaya. A kwamfuta guda, idan ana Photoshop RAM ne zai gaza, idan aka koma zane mai kauri uku (3D) a manhajar Blender katin hoto ne, wato ɓangaren da ke sarrafa hoto, idan ana fitar da bidiyo kuma sau da yawa masarrafi ne. Ka magance ɗaya, matsalar ta koma kan na gaba.

Ga yadda ake gano shi kafin a sayi komai. A Windows a danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, a shiga Performance. A buɗe fayil mafi nauyi da ake aiki da shi, a yi aikin da aka saba na kamar minti goma, ana kallon CPU (masarrafi), Memory (RAM), Disk (faifan ajiya) da GPU (katin hoto). Wanda ya manne a sama lokacin da kwamfuta ke cijewa, shi ne. Akwai tarko guda a nan. Yawancin abin da Illustrator da Photoshop ke yi a kan ƙwayar masarrafi ɗaya ko biyu yake tafiya. Masarrafi mai ƙwaya 6 da zare 12, wato layukan aiki 12 da yake gudanarwa a lokaci guda, idan zare ɗaya ya cika fal, jimillar da za a gani ba ta wuce kashi 8 cikin ɗari da ɗan ɗoriya ba, sai mutum ya ɗauka masarrafi hutawa yake yi. A danna dama a kan jadawalin, a mayar da shi Logical processors, kowane zare zai fito daban.

Mai Gyaran Kwamfuta: To ai Injiniya ya ba mu kalmar da bakinsa. Abin da ya manne a sama ya kai maƙura. Mu ce "maƙura". Kalma ce da kowa ya sani, ba sai an yi bayani ba.

Malamar Hausa: Malam, maƙura hali ne da abu ke kaiwa, ba sunan abin ba ne. Za ka ce RAM ya kai maƙura, amma "RAM ne maƙurar kwamfutata" zai iya zama yabo, kamar a ce ƙarshen kyau ke nan. Ina da biyu da za a auna. Ta farko ƙirƙira ce, "mashaƙa", daga shaƙewa, a kan tsarin mashiga, mafita da mahaɗa. Ta biyu tsohuwar kalma ce, "dabaibayi", igiyar da ake ɗaure ƙafafun gaba na dabba: tana da ƙarfi, tana tafiya, amma takunta ba ya wuce tsawon igiyar.

Mai Buga Takardu: Mashaƙa ta yi kusa da mashaƙo, mai karatu zai tafi wajen cuta. Dabaibayi ya fi, kuma bari in gwada shi a kan RAM, tunda nan ya fi kama masu aikin ɗab'i.

Takardar A3 a kan ɗigo 300 a kowane inci fiksel 3508 ne sau 4961, sama da miliyan 17. A launin RGB na allo mai bit 8 hakan kusan megabait 50 ne, a CMYK na ɗab'i kusan 70, idan aka koma bit 16 a ninka. Wannan shimfiɗa ɗaya ce tak, wato leya ɗaya. Fosta mai leya talatin, ga tarihin matakan da Photoshop ke riƙewa don a iya komawa baya, ga Illustrator a buɗe, ga burauza da shafuka goma sha, gigabait 8 ya ƙare tun ba a yi nisa ba. Adobe, masu manhajar, da kansu 8 suka sa a matsayin mafi ƙanƙanta ga Photoshop, 16 ko fiye suke ba da shawara. Da RAM ya cika, Photoshop sai ya ari wuri a faifan ajiya yana rubutu a can, kuma faifai ko na SSD ne, wato mai sauri wanda ba ya juyawa, bai kama ƙafar RAM a sauri ba. A ƙasan tagar Photoshop akwai ɗan kibiya, a zaɓi Efficiency. Muddin yana nuna kashi 100, RAM ya isa. Idan yana yawan sauka ƙasa da 90, to RAM ya dabaibaye aikin. Kun ji jimlar ta zauna.

Malamar Hausa: Abin da ya sa na fi son ta ke nan, tana da aikatau. Ana cewa matsaloli sun dabaibaye wuri, kunne ya saba. Mashaƙa sai mun ƙirƙiro mata aikatau na daban.

Mai Gyaran Kwamfuta: Ina da ja. Dabaibayi daga waje ake kawo shi a ɗaura, kuma maganinsa kwancewa ne. RAM kuwa jikin kwamfutar ne, ba a cire shi, ƙara shi ake yi. Idan kalmar ta sa wani ya ɗauka cirewa ne magani fa?

Kuma tunda an zo kan ƙara RAM, a kula da waɗannan. Sandunan RAM na kwamfutar tebur, DDR4 da DDR5, duk fil 288 gare su, amma tsagar da ke ƙasan sandar ba wuri ɗaya take ba, ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya, kada a tilasta. A duba abin da uwar allo, wato babban allon da ake jona dukkan sassa a kai, ke karɓa kafin saye. Sanda biyu masu 16 sun fi sanda ɗaya mai 32, domin biyu suna buɗe hanya biyu ta wucewar bayanai. A uwar allo mai gurbi huɗu yawanci na biyu da na huɗu ake cikawa idan aka ƙirga daga wajen masarrafi, amma littafin allon shi ne alƙali. Bayan an saka a shiga BIOS, wato saitin uwar allo, a kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken saurinsa, in ba haka ba sandar da aka rubuta wa saurin 3200 za ta iya tsayawa a 2133 ko 2400. Haɗa tsohuwar sanda da sabuwa na iya yin aiki, sai dai duka za su sauko zuwa saurin mai rauni, wani lokacin ma kwamfuta ta riƙa mutuwa haka kawai.

Injiniya: Malam, jan naka na da tushe, amma duba misalin da ka kawo. Sanda mai iya 3200 tana tafiya a 2133 saboda ba a kunna XMP ba, wannan ai dabaibayi ne tsantsa, kuma kwancewa ne maganinsa, ko kwabo ba a kashe ba. Haka zafi. Masarrafi idan ya doshi digiri 90 zuwa 100 yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Ƙura ta toshe fanka, man da ke tsakanin masarrafi da abin sanyaya shi ya bushe, mai kwamfuta ya yi ta shirin sayen sabon masarrafi alhali shara da sabon mai kaɗai ake bukata. A sauran wuraren kuma ba RAM ɗin ne igiyar ba, ƙarancinsa ne. Sai mu ce "ƙarancin RAM ne dabaibayin", magana ta fita.

Mafi munin dabaibayi a tsohuwar kwamfuta shi ne faifai mai juyawa. Abin da yake iya karantawa a daƙiƙa bai cika wuce megabait 200 ba, a ƙananan fayiloli masu yawa kuma ya faɗi ƙasa warwas. SSD na SATA yana kai wa 550, SSD na NVMe a kan mahaɗar PCIe 3.0 wajen 3500. Tsallen da ake ji a jiki shi ne na farko, daga mai juyawa zuwa kowane irin SSD. Daga 3500 zuwa 7000 na PCIe 4.0 mai zane ba zai ga bambancin da ya kai kuɗin ba. A lura M.2 siffar gurbi ce kawai, wani na SATA ne, wani na NVMe, a tabbatar da wanda allon ke ɗauka. Terabait 1 ya dace, a bar masa kamar kashi ɗaya cikin biyar babu komai saboda aron da Photoshop ke yi. Tsohon faifan ya zauna a matsayin rumbun ayyukan da aka gama.

Mai Zane: Katin hoto fa? Shi kowa ke fara ambata.

Injiniya: Shi ne na ƙarshe ga mai tambari, fosta da mujalla. Masu wasannin kwamfuta ne suka sa sunansa ya cika kunne. Photoshop na amfani da shi wajen zuƙowa, juya hoto da wasu tacewa, amma kati mai gigabait 4 zuwa 6 ya wadatar. Sai an shiga Blender ko bidiyo mai nauyi yake zama dabaibayi, a nan ma girman ƙwaƙwalwarsa ake dubawa, shi ya sa RTX 3060 mai gigabait 12 ya yi farin jini wajen masu ƙaramin jari. Yana cin wat 170, kuma Nvidia akwatin wuta mai wat 550 suka ce a haɗa shi da shi. Gurbin PCIe wat 75 kawai yake bayarwa, sauran ta igiya mai fil 8 yake zuwa. Ƙananan kwamfutocin ofis yawanci akwatin wutarsu bai kai wat 300 ba kuma babu wannan igiyar, don haka sai kati irin RTX 3050 mai gigabait 6, wanda wat 70 ya ishe shi, a nemi gajeren samfuri idan gidan kwamfutar siriri ne.

Masarrafi kuma a fara duba soket, wato gurbin da yake zama a uwar allo. Mai allo mai soket AM4 na kamfanin AMD, ko da samfurin B450 ne, zai iya hawa Ryzen 5 5600 ba tare da sauya allo ko RAM ba, amma a sabunta BIOS tun tsohon masarrafin na ciki, in an cire shi tukuna allon na iya ƙin tashi. Shi 5600 ba shi da na'urar hoto a cikinsa, dole sai da kati. 5600G na da ita, sai dai ma'ajiyarsa ta L3 megabait 16 ce maimakon 32. A ɓangaren Intel, harafin F a ƙarshen suna, kamar i5-12400F, shi ma yana nufin babu na'urar hoto. Soket AM5 na AMD kuwa DDR5 kaɗai yake karɓa, wato allo, masarrafi da RAM duk sababbi, wannan ya fita daga gyaran mai ƙaramin jari.

Mai Buga Takardu: Tambaya ɗaya don a san iyakar kalmar. Monita mai gilashin TN tana sauya launi da mutum ya ɗan karkata kai, abin da aka gani a allo daban, abin da ya fito a takarda daban. Mai zane monita mai gilashin IPS yake bukata, mai rufe kashi 99 na ma'aunin launi na sRGB, inci 27 a kan 2560 sau 1440, wanda ke ba da kusan fiksel 109 a inci. Inci 27 a kan 1920 sau 1080 kusan 82 ne, gefen haruffa na fitowa da tsaitsaye. Irin wannan monitar ita ma dabaibayi ce?

Malamar Hausa: A'a, Malam, kada mu ja kalmar har ta tsinke. Dabaibayi na rage gudu ne. Monitar da ke ɓata launi ba ta rage gudun komai ba, kuskure take sa wa. Wannan a kira shi naƙasu ko aibi. Mu tsaya a nan: dabaibayi ga ɓangaren da ya riƙe sauran, dabaibaye ga aikatau, "ya kai maƙura" ga abin da ake gani a Task Manager.

Mai Gyaran Kwamfuta: Na karɓa, bisa sharaɗin a riƙa cewa "ƙarancin kaza ne dabaibayin" inda ƙari ne magani. Mai Zane, a bayanin naka ka ƙara da cewa duk wanda ya saka sabon RAM ya gwada shi da manhajar gwajin RAM ta MemTest86 ya bar shi ya zagaya har ƙarshe kafin ya buɗe aikin abokin ciniki, domin sanda mai matsala kan lalata fayil a lokacin ajiyewa ba tare da wata alama ba.