Ciwon mai jego bayan aiki: sakaci ne ko ba sakaci ba?

Baban Khalifa (likitan sa barci): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A yi wa mace aiki a ciro jariri, allurar baya ta sake ta bayan awa 2 zuwa 3, a buɗe fayil a tarar abin da aka rubuta mata kaɗai shi ne allurar rage ciwo ta fentazosin miligiram 30 "in ta buƙata". Wato sai ta yi kuka tukuna. Matanmu kuwa da kunya da dauriya aka raine su, ba za ta kira kowa ba har ciwon ya hana ta tari, ya hana ta juyawa ta ba ɗanta nono. Tun 1993 Henrik Kehlet da abokin aikinsa Dahl na ƙasar Denmak suka rubuta cewa a haɗa magunguna masu bin hanyoyi daban-daban, a rage dogaro da dangin mofin, wato magungunan ciwo masu ƙarfi da ke iya sa kamu. Ƙa'idar PROSPECT (kwamitin ƙwararru kan maganin ciwo bayan tiyata) ta 2021 kan tiyatar haihuwa ta ce a sa mofin mikrogiram 50 zuwa 100 cikin allurar baya, a bi da farasitamol da maganin kumburi bisa agogo, ba sai an roƙa ba. Farasitamol giram 1 duk awa 6, kada a wuce giram 4 a yini. A nazarin Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken likitanci, maganin kumburi ibufurofen miligiram 400 haɗe da farasitamol miligiram 1000 yana rage rabin ciwo ga kusan mutum 2 cikin 3 fiye da abin da ƙwayar bogi ke yi, kodin miligiram 60 shi kaɗai kuwa sai ka ba mutum 12 kafin ɗaya ya amfana. Maganin mai arha shi ne mai aikin. Barin mace cikin wannan hali sakaci ne.

Maman Hanan (babbar nas): Wa alaikumus salam. Likita, sakacin wa? Ka fito fili. Nas ba ta rubuta magani, abin da ta gani a fayil shi take bayarwa. Mofin ɗin da kake cewa a sa a baya, wadda aka sa wa dole a riƙa ƙirga numfashinta akai-akai har awa 12 zuwa 24, a duba ko barci ya yi mata nauyi, in numfashi ya sauka ƙasa da 10 a minti a tashe ta a kira likita, nalokson, maganin da ke karya mofin, yana kusa. Nas ɗaya da dare a ɗaki cike da masu jego, wa zai yi wannan ƙirgar? Ka janye kalmar nan.

Baban Khalifa: Hajiya, ban ambaci nas ba.

Maman Hanan: Ba sai ka ambata ba. In aka ce sakaci a ɗakin masu jego kowa ya san inda yatsa ya nufa.

Abu Sadik (likitan mata): Ina bayan Sista. Sakaci kalma ce ta gaban kwamitin ladabtarwa, ba a jefa ta haka kawai. Kuma ranka ya daɗe, nazarin da ka kawo yawancinsa a kan waɗanda aka cire wa haƙorin ƙarshe aka yi shi, sha ɗaya, a bi mutum awa 4 zuwa 6. Cire haƙori daban, buɗe ciki daban. Sannan wadda ta zo da hawan jinin ciki mai tsanani, fitsarinta ya ragu, ko ta zubar da jini da yawa a kan tebur, ka ɗora mata maganin kumburi irin dikilofenak, ƙodar ka taɓa. Maganin yana toshe sinadarin da ke buɗe jijiyoyin ƙoda a daidai lokacin da jini ya yi ƙaranci. Haka mai olsa, haka mai asmar da asfirin ke tayarwa. Wanda ya ƙi rubuta shi a irin wannan hali ya yi taka-tsantsan ne.

Ƙanin Kowa (likita mai neman ƙwarewa): Manyana, da izininku. Ina ganin Oga gazawa yake nufi. Sakaci shi ne kana da abu a hannu, ka san ya kamata, ka ƙi yi. Gazawa kuma kana so babu hali.

Ummu Aiman (unguwarzoma): A'a ƙanena, wancan ganganci ka fassara. Sakaci shi ne ka yi sanyin jiki har abu ya wuce ka.

Ƙanin Kowa: Anti, ganganci ai sai ka ga haɗari ka afka. Wanda bai ba da farasitamol ba bai afka wa komai ba.

Ummu Aiman: To ka ga ke nan babu laifi.

Baban Khalifa: Farasitamol yana kowane kanti. Wace gazawa ce ta hana a rubuta "duk awa 6" maimakon "in ta buƙata"? Wadda ba ta kai kilo 50 ba a ba ta miligiram 15 a kowane kilo. Ban ce a ba mai ciwon ƙoda dikilofenak ba, mai lafiyar ƙoda nake magana, kuma kada ya wuce miligiram 150 a yini. Shi fentazosin yana da iyaka, ka ƙara allura ciwon ba ya ƙara sauka, sai jiri da amai da gane-gane. Aikinsa awa 3 zuwa 4 ne. In ka bi bayan mofin da shi yana iya ture mofin ɗin daga mazauninsa ciwo ya dawo. Yawan soka shi a waje ɗaya yana sandarar da tsoka ya bar gyambon da ba ya warkewa, duk wanda ke duba masu sikila ya san wannan.

Alhaji Mai Magani (famasis, shugaban zaure): Ku bi a hankali da kiran mofin. Annobar kamu da dangin mofin a Amurka da wasiƙa mai jimla 5 ta fara, wadda Porter da Jick suka aika wa mujallar likitoci ta New England a 1980, cewa kamu da waɗannan magunguna ba kasafai ba ne ga masu kwance a asibiti. Aka ɗauke ta tamkar babban bincike, aka fito da OxyContin, ƙwayar ciwo ta dangin mofin, a 1996, sauran kun sani. A 2017 binciken Brummett na jami'ar Mishigan ya nuna kusan 6 cikin 100 na waɗanda ba sa shan irin maganin kafin tiyata suna ci gaba da karɓarsa bayan wata 3, ƙaramin aiki ne ko babba.

Abu Sadik: Alhaji, matsalarsu yawa ce, tamu babu ce. Rahoton kwamitin mujallar likitoci ta Lancet na 2017 ya ce rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rabawa. Ku ne kuke kulle shi a kabad, makulli na hannun mutum ɗaya, in ya tashi aiki shi ke nan sai gobe.

Alhaji Mai Magani: Doka ce ta kulle shi, ba famasis ba. Rajista, sa hannu, lissafin kowace kwalba. Kuma wanda ake sawa a baya dole ya zama marar sinadarin adanawa, ba kowanne ake zuƙa a tura kusa da laka ba.

Ummu Aiman: Ni dai ban ga laifin tiramol ba, mata suna samun sauƙi da shi.

Alhaji Mai Magani: Hajiya, kada a kira shi da sunan bakin tasha a nan. Tiramadol na asibiti miligiram 50 ne da 100, iyakarsa 400 a yini. Mai 225 da samari ke sha haramtacce ne.

Ƙanin Kowa: Ko na asibitin, Anti, hanta ce ke juya shi zuwa sinadari mai ƙarfi, kuma hantar mutane ba ɗaya ba ce. Wata ba ta juyawa sai kaɗan, ta sha a banza. Wata ta juya da sauri ya yi mata yawa, ya bi nono. An samu kusan kashi 29 cikin 100 na Habashawa masu saurin juyawa ne. Shi ya sa a 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan ba mai shayarwa kodin da tiramadol. Yana kuma tayar da farfaɗiya, ga wadda ta yi jijjiga kuwa abin dubawa ne.

Ummu Aiman: Mu ba Habashawa ba ne.

Maman Hanan: Kuma har yanzu ba a janye kalmar ba.

Abu Sadik: Tunda bincike ake taƙama da shi, a tuna da Scott Reuben. Likitan sa barci ne a Amurka, a 2009 aka gano ya ƙirƙiri alƙaluma a maƙaloli 21, yawancinsu kan wannan haɗa magungunan bayan tiyata, har ya yi zaman kaso. Ɗan sashenku ne, ranka ya daɗe.

Baban Khalifa: Likita, wannan ba adalci ba ne. An janye maƙalolinsa, amfanin farasitamol da maganin kumburi bai rataya a kansa ba. In ana tsoron mofin a baya akwai allurar bangon ciki: bufibakain, maganin da ke kashe jin ciwo a wajen, kashi 0.25, mililita 20 kowane gefe, jimilla miligiram 100. Iyaka miligiram 2 ce a kowane kilo, don haka mace mai kilo 50 ta kai bakin layi, ƙasa da haka a rage. A zuƙa kafin a tura. In ta ce bakinta ya mutu, kunne na ƙara, tana jin ɗanɗanon ƙarfe, a tsaya nan take, maganin ya shiga jini, a nemo ruwan kitse kashi 20, mililita 1.5 a kowane kilo. Ko ku masu wuƙa ku tsira shi a bakin yankan kafin ku ɗinke, minti nawa zai ci?

Abu Sadik: "Masu wuƙa" kuma? Mahauta muka zama?

Maman Hanan: Ka ji ko? Jiya sakaci, yau wuƙa.

Alhaji Mai Magani: Ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da zaure ya tsaya a kai. An yarda dangin mofin suna da haɗari kuma tsare su da ake yi a famasi daidai ne. An yarda ba a ba da dikilofenak sai an duba ƙoda da yawan jinin da aka zubar. An yarda bincike na iya zama ƙarya, kamar yadda Likita Abu Sadik ya nuna. Da za a riƙa shiga da famasis zagayen safe, da yawancin wannan bai taso ba. Maganar sakaci kuma an bar ta, tunda mai ita bai kawo hujja ba.

Baban Khalifa: Alhaji, ba ka sa farasitamol duk awa 6 ba, kuma babu wanda ya musa shi.

Maman Hanan: Ba a bar ta ba, Alhaji. Ya janye tukuna.